Gonar da Na Goge

Shekarun baya, lokacin da shafin nan bai tara ko mutum ɗari biyu ba, ni ne nake kiran kaina alƙalin gem. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Waɗanda suka daɗe tare da ni za su tuna yadda nake yi: in samo tsohon gem, irin na zamanin da sai mun hura kaset kafin mu soka shi, in buga shi kwana biyu, in zo in yanke masa hukunci, maki kaza cikin goma. Ina da tsohuwar talabijin mai doro a ɗakina a Gwandu, da na'urori biyu da na tsinto a gwanjo, da kwalin taliya cike da kaset. Bakina kuwa, sai dai a ce Allah Ya shirya. In gem bai yi mini ba sai na yi masa wankin babban bargo, in kuma wani ya yi gardama a ƙasa in haɗa da shi.

Kwanan nan wani daga cikinku ya tambaye ni me ya sa duk bidiyon gyaran kaset da na yi sai na fara da cewa a tambayi mai kayan tukuna. Na ba shi amsar da ba ta da kai, na ce ai haka ya kamata. Gaskiyar ita ce akwai labari, kuma na daɗe ina kewaye shi saboda kunya.

Ina da aboki a Kalgo. Tun makarantar kwana muke tare, gadonsa a sama, nawa a ƙasa. In an yi hutu nakan je gidansu in share mako guda, har mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta san yawan yajin da nake so a miya. Yana da ƙanwa guda ɗaya mai ciwon sikila. Kusan rabin shekara a kwance take yin ta. In hadari ya haɗo ita ake fara korawa ɗaki, don ko yayyafi ya taɓa ta sai ƙasusuwanta sun tashi. Wata malamarsu 'yar Zuru, Kirista ce, da ta ga yarinyar na yawan fashin makaranta, sai ta kawo mata ɗan gem na hannu wanda 'ya'yanta suka girma suka bari. Irin mai cin batir huɗun nan ne, gilashinsa ba ya da wuta, sai ka nemi haske kafin ka ga abin da kake yi. Kaset ɗaya ne tal a cikinsa, gem ɗin noma. Ana ba ka gona duk ciyawa da duwatsu, ka share, ka shuka, ka yi ban ruwa, in amfani ya samu ka sayi shanu da kaji.

Ta rasu tana da shekara goma sha bakwai. Na je gaisuwa, na yi kwana uku, na dawo. Ban sake tuna wani gem ba.

Bayan wasu shekaru na kai musu ziyara ranar wata Juma'a. Da muka sauko daga masallaci, abokina ya ce in jira shi a zaure minti goma. Na jira, na gaji, na leƙa tsakar gida. Sai na ga Inna zaune a bakin ƙofar ɗakinta inda rana ke bugowa, riƙe da gem ɗin da hannu biyu, shi kuma ya durƙusa a gefenta yana danna mata. Da ya fito na tambaye shi, ya ce haka suke yi kowace Juma'a tun da aka yi rasuwar. Yakan kunna mata, ya zaga da ɗan manomin cikin gonar, ya shiga da shi garke ta ga shanu huɗun da marigayiya ta raɗa wa suna. Harafi huɗu kawai gem ɗin ke karɓa, don haka ta sa musu INNA, da BABA, da YAYA, da KAWU. Inna ba ta yi boko ba, amma ta san wace saniya ce ita. In ta gama kallo sai ya kashe ba tare da ya yi ajiya ba, don gonar ta tsaya a kan ranar da yarinyar ta bar ta.

Mutumin kirki in ya ji wannan jikinsa sanyi zai yi. Ni idona a kan kaset ɗin yake. Na asali ne, takardar jikinsa ko kwarzane babu, kuma ban taɓa riƙe irinsa ba. Na ce ya ara mini in yi masa bidiyo. Ya ce a'a. Na sake roƙo bayan mun ci abinci, ya sake cewa a'a. Da ya raka ni tasha na dasa daga inda na tsaya, na kawo masa zancen shekarun da muka yi tare, har da ranar da na sha bulala a madadinsa a makaranta. Ya gaji da ni. Ya koma gida ya ɗauko, naɗe cikin wani tsohon ɗankwali, ya ce lallai ya dawo kafin Juma'a mai zuwa. Ya ƙara da cewa in zaga in kalla yadda nake so, amma kada in kuskura in kwantar da ɗan manomin barci, domin a nan gem ɗin yake yin ajiya.

Na yi dariya na ce, "Yanzu ni za ka koya wa gem?"

Wannan maganar har yau in na tuna ta sai na ji kamar in nutse.

Washegari na shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron ƙofar gidanmu, na jingine waya da bulo, na fara ɗauka. Minti goma na yi ina zaga gonar ina zuba. Na ce wane irin noma ne iri ke tsirowa ya nuna cikin kwana huɗu, ba tsuntsayen jan baki, ba awakin maƙwabta, ba neman taki. Na ce wanda ya ƙirƙiro gem ɗin a kawo shi ƙauyen Dodoru damina ɗaya a ba shi fartanya, mu ga ko zai sake. Ban tsaya nan ba. Akwai wani ƙaton dutse daidai ƙofar gidan ɗan manomin, sai an kewaye shi kafin a shiga gona. Na nuna shi na ce, shekara shida a lissafin gem, mai gonar nan ya kasa fasa dutse ɗaya a ƙofar gidansa, wannan ai lalaci ne. Na san gonar wace ce, amma na faɗa, saboda na san za a yi dariya. Na ba gem ɗin uku cikin goma, na ajiye bidiyon zan gyara in saka.

A nan ne dabara ta zo mini. Irin waɗannan tsofaffin kaset akwai wani ɗan batir a cikinsu, faɗinsa bai fi kwabo ba, shi ke riƙe da ajiya ko da gem ɗin a kashe yake. In shekaru suka ja yakan mutu, ajiyar ta bi shi. Na ce to, bari in yi wa Inna alheri in canza mata sabo kafin ya mutu, ni kuma in samu bidiyo na biyu. Ban kira abokina ba. A raina ma har ina hango yadda zai riƙe hannuna yana godiya.

Rabin karatun na sani. Na san in batir ya mutu gona ta tafi. Ban tsaya na yi tunanin cewa cire shi da mutuwarsa duk ɗaya ne a wurin kaset ba. Masu yin aikin da gaske sukan kwafe ajiyar tukuna, ko su haɗa wani batir a gefe kafin su ɗaga tsohon. Ni ban san wannan ba, kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba.

Na je kasuwa wurin mai gyaran agogo na samo batir. Kusar da ke bayan kaset ɗin ba irin wadda sukurudireba ke kamawa ba ce, sai na yi dabarar da muka saba, na narka bakin biro a wuta na danna a kanta har ya sandare, na murɗa ta fita. Na sa reza na ɓanɓare tsohon batirin daga inda aka liƙe shi. Kafin in sa sabon sai da na jera su a kan tabarma, kaset a buɗe, batir a gefe, na ɗauki hoto na ɗora a shafin nan, na rubuta cewa gobe za a ga aikin likita. Sannan na manna sabon da salatif, na rufe, na soka, na kunna.

Da can in ka kunna, zaɓi biyu ke fitowa, ko ka ci gaba ko ka fara sabon wasa. Yanzu ɗaya ne kawai, sabon wasa.

Na kashe na sake kunnawa. Na zare kaset na hura, na mayar. Na hura har kaina ya fara juyawa. Na sake buɗewa na mayar da tsohon batirin, wai ko gonar tana cikinsa. Babu. Gumi ya jiƙa mini riga alhali a inuwa nake. Abu na farko da na yi da hankalina ya ɗan dawo shi ne na shiga shafi na goge hoton nan. Bai fi awa ɗaya a sama ba, na ce wa zai gani.

Daga Gwandu zuwa Kalgo ba wata tafiya ba ce, ka shiga mota zuwa Birnin Kebbi, ka canza, kafin la'asar kana can. Abin da ya kamata in yi ke nan a ranar, in je in durƙusa in faɗi abin da na aikata. Tsoro ya hana ni. Ba tsoron faɗa ba, don abokina ba mai faɗa ba ne. Fuskar Inna nake tsoro, da kuma a ce alƙalin gem bai san aikin batir ba. Sai na tuna ina da bidiyon minti goma na gonar. Na ce ai ga taswira, zan sake gina ta yadda take, ba wanda zai sani.

Ranar Alhamis abokina ya kira. Na ce masa an aike ni Sakkwato ba shiri, gem ɗin yana kulle a ɗakina, ya ba Inna haƙuri. Ya ce to. Alhamis ta biyu ya sake kira. Ƙaryar farko ta ƙare, sai na laluɓo wadda ta fi ta muni, na ce mahaifiyata ce ba lafiya, ba na iya matsawa ko'ina. A daidai lokacin tana tsakar gida tana tankaɗe, lafiyarta ƙalau, har ina jin tana yi wa kaji tsawa. Ya yi mata addu'a, ya ce in gaishe ta. Alhamis ta uku bai kira ba.

Kwana ashirin da uku na yi a gindin dogon yaron nan. Da hantsi ya ɗaga nake fitowa, sai hasken rana ya gaza nake tashi, tunda gilashin ba ya ganuwa in ba rana. Damina ce, gonarmu ta hanyar Malisa tana jiran noma na biyu. Mahaifiyata takan fito ta tsaya a kaina ta ce, ga gero can ciyawa ta shaƙe shi, ni kuma ina nan ina yi wa gilashi ban ruwa, in Allah Ya kai mu kaka sai in ɗebo mata tuwon daga ciki.

Na ɗauka aikin kwana uku ne. Tunanina in riƙa kwantar da ɗan manomin barci kawai har shekaru shida su cika. Ashe ba a haka. In ka tsallake yini ba ka ba shanu ciyawa ba sai su yi ciwo, in ka sake su mutu. Dole kowace safiya ta gem in shiga garke, in zuba wa INNA, in zuba wa BABA, in goge wa YAYA jiki, in tatsi KAWU, in fito in yi ban ruwa, sannan in kwanta. Haka sau ɗaruruwa. Ina yi ina tsayar da bidiyon a waya ina ƙirga layukan shuka, nan huɗu, can uku, shinge ya karkace ta gefen rijiya.

Wajen kwana na goma na lura da dutsen. Tun rana ta biyu da aka ba ni guduma, hannuna ya riga tunanina, na fasa shi don ya tare hanya, kamar yadda duk wanda ya iya gem zai yi. Dutse kuwa in ya fashe ba ya dawowa. In zan gyara sai dai in goge komai in koma farko. Na dubi kwana goman da na zuba, na ce wa zai lura da dutse ɗaya. Akurkin kaji kuma ban shiga da kyamara ba ranar da nake ɗauka, surutu ya ɗauke mini hankali, don haka ban san abin da ke ciki ba. Na bar shi wayam.

Wani abu ya same ni a kwanakin nan wanda ban shirya masa ba. Wata rana a cikin gem aka tashi da ruwan sama, na fita da ɗan manomin yana yawo a ciki, sai na tsinci kaina ina tuna yadda ake kora yarinyar ɗaki in hadari ya haɗo. A nan ba mai korar ta. Tana iya fita cikin ruwa, ta ɗauki fartanya, ta yi gudu daga rijiya zuwa garke, ba abin da zai yi mata ciwo. Duk 'yan unguwarsu suna zuwa gona da fadama, ita ba ta taɓa zuwa ba, sai wannan. Na ajiye gem ɗin a kan tabarma na daɗe ban ɗauka ba. Uku cikin goma na ba shi.

Ranar Juma'a ta huɗu na naɗe shi cikin ɗankwalin na shiga mota. Na tarar da abokina ya dawo masallaci, yana zaure shi kaɗai. Muka gaisa, gaisuwar ba ta yi tsawo ba. Ya karɓa, ya matsa bakin ƙofa wurin haske, ya kunna. Ya zaga gonar a hankali, ya shiga garke, ya tsaya gaban kowace saniya ya duba sunanta. Har na fara samun numfashi. Sai ya juya ya shiga akurki.

"Akwai kaza guda a nan," in ji shi, bai ɗago ba. "GWAN ta sa mata, sunan garinku ne bai shiga duka ba. Cewa ta yi kazar ta cika surutu kamar kai."

Na buɗe baki zan yi magana, ban san ma me zan ce ba, ya riga ni. Ya ce ya ga hoton nan tun ranar da na sa shi, kafin in goge. Ya nuna wa wani mai gyaran waya a Birnin Kebbi, mutumin ya gaya masa in dai an ɗaga batirin haka, abin da ke ciki ya tafi. Tun ranar ya sani. Kiran da ya riƙa yi mini ba gem yake nema ba, so yake ya ji ko zan faɗa masa da bakina. Juma'a uku yana ce wa Inna ina yi wa abin gyara, ga kuma jinyar mahaifiyata, wato na sa shi ma ya yi wa mahaifiyarsa ƙarya.

"Goge gonar kuskure ne, kowa na iya yi," ya ce. "Amma ka ɗora wa mahaifiyarka ciwo don ka ɓoye mini. Wannan ƙaryar ce ta tsaya mini a rai."

Muna cikin haka muka ji muryar Inna daga ciki tana tambaya ko ɗan Gwandu ne ya zo, in shi ne a kawo mata abinta ta gani. Abokina ya miƙo mini gem ɗin. Ya ce ni zan kai mata.

Na shiga na durƙusa. Abin da ta fara tambayata shi ne jikin mahaifiyata. Na ce da sauƙi. Ƙarya ta ƙarshe ke nan da na yi a wannan lamari, kuma ita ta fi ɗaci a bakina. Ta gyara zama a bakin ƙofa, ta karɓi gem ɗin da hannu biyu, ta karkata shi wajen rana, ni kuma na matso ina danna mata. Na kai ta garke. Ta sa ɗan yatsa a kan saniyar farko ta ce ga ta nan, ta yi murmushi. Na fito da ɗan manomin na nufi gida, ina Allah-Allah in kashe.

"Tsaya," ta ce. "Ina dutsen?"

Ta nuna ƙofar gidan ɗan manomin da yatsa.

"Wanga wuri akwai dutse. Sai an danne abin nan da ƙarfi an daɗe kahin ya hwashe, ita ko yatsunta ba su iyawa. Kullum cewa take in hannunta ya yi sauƙi za ta hwasa shi."

Dutsen da na tsaya a gaban kyamara na kira lalaci ke nan. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ƙato da ni, a tsakar gidan mutane. Na faɗa mata komai tun daga biro da reza har zuwa kwanakin gindin dogon yaro. Na faɗa mata wannan ba gonar 'yarta ba ce, tawa ce, ta 'yarta na goge ta da hannuna. Na faɗa mata mahaifiyata lafiyarta ƙalau, ba abin da ya same ta.

Abin da ta fara cewa shi ne alhamdu lillahi da tana lafiya. Ta daɗe tana kallon gilashin. Sannan ta tambaye ni kwana nawa na yi ina wannan noman. Na ce ashirin da uku.

"Ka sha wahala," ta ce. "Amma da ka taho ran da abin yah hwaru, da mun yi kukanmu tare sau guda mun huta. Yanzu ga shi Juma'a ukku ina jiran ɗiyata, ashe ba ta nan."

Ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta miƙo mini, ta ce in kashe kada batir ya ƙare a banza. Ta tashi ta shiga madafa. Ba a jima ba ta aiko mana da tuwon shinkafa da miyar kifi, da yaji daidai yadda nake so. Na zauna a zaure gaban abokina na ci, don ƙin ci wani laifin ne.

Inna ta yafe mini tun a ranar, ta faɗa da bakinta da zan tafi. Abokina ya ɗauki watanni. In na kira yakan ɗauka, mu gaisa, shi ke nan. Sai da aka yi mini haihuwar fari ya zo suna Gwandu, ya kwana biyu, muka koma kamar da. Da zai tafi ya ciro ɗankwalin nan daga jaka ya ajiye a kan talabijin mai doro. Ya ce tun ranar Inna ba ta sake cewa a kunna mata ba, in Juma'a ta yi sai dai ta zauna a bakin ƙofa da carbinta. Ya ce in riƙe, ai gonata ce.

Bidiyon minti goman nan ban taɓa sa shi ba, ban kuma goge shi ba, domin shi kaɗai ne ya rage da ke nuna gonar yadda ta bar ta. Na cire muryata daga ciki na tura wa abokina. Na ga ya buɗe.

Har yanzu ina buga tsofaffin gem, ina kuma faɗin ra'ayina, kun sani. Sai dai in na sayo kaset a gwanjo na tarar da ajiyar wani a ciki, ba na taɓa ta sai na zaga na gani, kuma na daina yi wa mai ita dariya, don ban san me ya hana shi fasa dutsensa ba. Kayan wani kuwa, ko kusa ɗaya ba na kwancewa sai ya ce in kwance. Kuskure kuma in na yi, ina ƙoƙarin in faɗa kafin rana ta faɗi, tunda na ga abin da kwana ashirin da uku ke mayar da shi.

Gem ɗin yana nan cikin kwalin taliya. Wata rana nakan kunna in duba. Shanu huɗu suna garke, akurki wayam, ƙofar gida ba dutse. Batirin da na sa masa mai kyau ne, mai gyaran agogon bai cuce ni ba. Tata gonar ta tafi cikin ƙiftawar ido, tawa kuwa ga alama za ta daɗe.